Kama da Jirgi Ba Tashi Ba Ne: Yadda Matashin Birnin Kudu ko Gwaram Zai Ƙera Jirgin Rimot Mai Tashi da Gaske

Duk wanda ya taso a Birnin Kudu ko Gwaram ya san motar kara. Da an kawar da amfanin gona, yara kan tara karan dawa, su fere, su haɗa mota har da tayoyi da kujerar direba. Wanda hannunsa ya faɗa sai ya koma motar langa-langa ta gwangwanin madara, daga nan ya fara sa mata batir da ƙaramin injin da ya ciro daga tsohuwar rediyo mai kaset. Yanzu da waya ta shiga hannun kowa, wasan ya ƙara gaba. Ba a daɗewa ba a ga bidiyon wani matashi daga Arewa a Facebook ko TikTok ba, yana nuna jirgin saman da ya ƙera da hannunsa, an yi masa fenti, har da tutar ƙasa a wutsiya.

Ka lura da irin waɗannan bidiyoyi da kyau. Da yawansu jirgin a ƙasa yake gudu, farfela tana ta ƙara, jama'a suna tafi, amma bidiyon zai ƙare ba ka ga ya rabu da ƙasa ba. Sai a yi ta addu'ar Allah ya kawo wanda zai ɗauki nauyin yaron. Addu'a ce mai kyau, sai dai abin da ya hana jirgin tashi sau da yawa ba ya buƙatar gwamna ko sanata. Sikeli yake buƙata, da rula, da lissafin da ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai iya yi a kalkuletar wayarsa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Iska ba ta duba fenti. Nauyi take dubawa da faɗin fiffike.

Darasi daga Kano da Amurka

A shekarar 2007 kafafen labarai na duniya suka ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fizis a Jami'ar Bayero ta Kano, mai shekara 24 a lokacin. Ya ƙera jirgi mai saukar ungulu a cikin wata takwas, da injin motar Honda Civic, da kujerun tsohuwar Toyota, da tarkacen ƙarfe da alminiyam. Jirgin ya ɗaga daga ƙasa, kuma wannan kaɗai ya fi ƙarfin yawancin masu gwadawa. Amma bai taɓa wuce ƙafa bakwai a sama ba. Jirgin da mutum zai shiga yana cin kuɗi mai yawa, kuma kowane gwaji da ran matuƙinsa ake yi, don haka ba a samun damar gwadawa sau ɗari a gyara sau ɗari.

'Yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, masu gyaran keke ne, kuma babu wanda ya yi jami'a a cikinsu. Kafin su tashi a ranar 17 ga Disamba, 1903, tashin da ya ɗauki daƙiƙa 12 kacal, sai da suka shafe shekaru suna gwada jirage marasa inji. A 1901 suka haɗa wani akwati da fanka take hura iska a cikinsa, suka gwada ƙananan fikafikai kusan 200 suna rubuta sakamakon kowanne. Inji shi ne abu na ƙarshe da suka ɗora.

Jirgin rimot yana ba ka irin wannan dama a araha. Idan ya faɗi, soso ne ya karye, ka liƙa da gam ka sake jefawa.

Mai fiffike ko mai farfela huɗu?

Idan aka ce jirgi marar matuƙi, yawancinmu mai farfela huɗu muke tunawa, irin na kamfanin DJI da masu ɗaukar bidiyon biki ke zuwa da shi. Shawarata ga mai farawa ita ce ya bar wannan tukuna.

Mai farfela huɗu ba ya iya tsayuwa a iska da kansa. Dole sai da ƙaramar kwamfuta a cikinsa mai auna karkatarsa sau ɗaruruwa a kowace daƙiƙa, tana ƙara wa wannan inji gudu tana rage wa wancan. Ga inji huɗu, ga na'urar sarrafa inji huɗu, kuma ana so ƙarfin ɗagawarsu ya ninka nauyin jirgin sau biyu. Kusan komai nasa saye ne, kuma inji ɗaya ya tsaya, jirgin zai faɗo kamar dutse.

Mai fiffike inji ɗaya ya ishe shi. Gangar jikinsa da kayan da ke garinku za ka yi ta. In an ƙera shi daidai yana miƙe kansa a iska ba tare da kwamfuta ba, kuma ko batir ya ƙare zai sulalo a hankali ya sauka. Ga shi mu Allah ya hore mana fili, abin da ɗan Legas ke nema ido rufe.

Lissafi uku da ke raba mai tashi da mai gudu a ƙasa

Na farko shi ne nauyin da fiffike ke ɗauka. Mu ɗauki fiffike mai tsawon santimita 120 daga wannan ƙarshe zuwa wancan, da faɗin santimita 20. Ka ninka su, ka sami murabba'in santimita 2,400. Idan jirgin gaba ɗaya, har da batir, ya yi giram 700, to kowane murabba'in santimita 100 na fiffiken yana ɗauke da giram 29. Jirgin koyo ana so ya tsaya tsakanin giram 20 zuwa 35. Mai wannan nauyi zai iya zama a iska da gudun da bai fi kilomita 25 zuwa 30 a awa ba, kamar gudun mai keke da ya dage, kuma da hannu ake jefa shi.

Yanzu a ce da langa-langa da katako ka yi shi, ya kai giram 2,800, wato ninki huɗu. Gudun da yake buƙata kafin ya ɗaga zai ninka sau biyu, ya haura kilomita 50 a awa. Hannu ba zai iya jefa shi ba, sai doguwar hanya mai santsi da inji mai ƙarfi. In kuma ya faɗi, ƙarfin buguwarsa zai ninka na farkon sau 16, domin nauyi ya ninka huɗu, gudu kuma ana ninka shi da kansa ne a lissafin. Wannan shi ne sirrin jiragen da ke ta zagaye fili ba sa tashi.

Na biyu shi ne cibiyar nauyi, wato wurin da za ka tallafi jirgin da yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike ya tsaya bai rinjaya gaba ko baya ba. Dole wannan wuri ya kasance tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffiken, in ka auno daga bakinsa na gaba. A fiffikenmu mai faɗin santimita 20, tsakanin santimita 5 zuwa 6 da rabi ke nan. Da matsar da batir gaba ko baya ake saita shi. Jirgin da hancinsa ya ɗan fi nauyi zai tashi, sai dai zai riƙa neman ƙasa. Wanda wutsiyarsa ta fi nauyi kuwa zai ɗaga kai sama, iska ta sake shi, ya juyo ya daki ƙasa, kuma ko gwani ba ya iya riƙe shi.

Na uku shi ne girman wutsiya. Shimfiɗaɗɗen ɓangarenta ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na girman fiffike, tsayayyen ɓangaren kuma kusan kashi 10. Tsawon gangar jiki ya kai kamar kashi 70 zuwa 75 cikin 100 na tsawon fiffike, wato santimita 85 zuwa 90 a misalinmu. Wutsiya ita ce ke hana jirgi wutsil-wutsil, kamar yadda gashin bayan kibiya ke miƙar da ita.

Kayan da ke garinku

Gangar jiki da fiffike da farin soson nan mai tauri ake yi, irin wanda ake samu a kwalin sabon firji ko talabijin, ko falankinsa da masu aikin silin ke amfani da shi. Ka zaga wurin masu sayar da kayan lantarki, sau da yawa zubar da shi suke yi. Ana yanka shi da sabuwar reza, a goge da samfefa har fiffiken ya fito: ƙasansa a shimfiɗe, samansa da ɗan tudu, bakin gaba a dunƙule, bakin baya da kaifi. Wurin da ya fi kauri ya faɗo wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaba.

Soso shi kaɗai zai karye a iska, don haka ana tsaga shi a binne siririn tsinken gora ko ɓawon tukurwa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sannan a lulluɓe fiffiken duka da faffaɗan salatif irin na ɗaure kwali. Ka ɗaga ƙarshen kowane ɓari sama da santimita 5 zuwa 7, fiffiken ya ɗan yi siffar harafin V. Wannan ɗagawa ce ke sa jirgin ya miƙe da kansa in iska ta karkatar da shi.

A kula da gam. Sufa gulu da gam ɗin masu gyaran takalmi suna narkar da wannan soso nan take. A yi amfani da gam na kyandir da ake narkawa da bindigarsa, ko farin gam na kafintoci, amma kaɗan-kaɗan, domin gam ma nauyi ne. Kuma gam na kyandir yana saki in aka bar jirgin a rana ko a cikin mota.

Kada ka liƙe fiffike da gangar jiki. Ka ɗaure shi da robar ɗaure kuɗi a kan tsinke biyu. In jirgin ya faɗi, fiffiken zai fice maimakon ya karye. Sifokin keke ko siririyar wayar ƙarfe kuma su ne za su tura marafan wutsiya.

Kayan da sai an saya

A nan babu dabara, injin tsohuwar rediyo ko na motar wasan yara ba zai ɗaga giram 700 ba. Ga abin da ake nema, da sunayen da za ka rubuta a AliExpress, Jumia ko Jiji:

Inji marar buroshi, A2212 mai lamba 1000KV. Wannan lamba tana nufin yana juyawa kusan sau 1,000 a minti a kan kowane bolt in babu farfela, wato kusan sau 11,000 da batirin bolt 11.1. Da farfela mai lamba 10x4.5 yana ba da ja na kusan giram 800, wanda ya ishi jirginmu har da rara.

Na'urar sarrafa gudun inji, wadda 'yan kasuwa ke rubuta ESC a jikinta, mai ɗaukar amfiya 30. Ita ce kuma ke rage wuta zuwa bolt 5 ta ba risiba.

Sarbo guda biyu masu giram 9, irin SG90. Ƙananan injina ne da ke juya hannu zuwa inda aka umarce su su tsaya. Ɗaya zai motsa marfin da ke ɗaga hancin jirgi ko sunkuyar da shi, ɗaya kuma marfin da ke juya shi dama ko hagu.

Rimot da risibarsa masu aiki a kan 2.4GHz. FlySky FS-i6 na daga cikin masu araha, yana da layi shida, kuma yana adana saitin jirage har 20. Wannan na nufin abokai huɗu ko biyar za su iya haɗa kuɗi, ko su yi adashi, su sayi rimot ɗaya da caja ɗaya, kowa ya ƙera nasa jirgin.

Sai batirin LiPo mai ɗaki uku, 3S 2200mAh, mai nauyin kusan giram 180.

In ka haɗa nauyin waɗannan duka za su kai wajen giram 320. Saura giram 380 ke nan ga soso da gora da gam da salatif. Ka nemi ƙaramin sikelin dijital ka riƙa auna kowane ɓangare kafin ka liƙa shi. Dalma da ƙarfen liƙi da mitar auna wuta kuwa, duk mai gyaran waya ko rediyo a garinku yana da su.

Batir: nan haɗarin yake

Kowane ɗaki na batirin LiPo yana cika a bolt 4.2. Kada a bari ya sauka ƙasa da 3.5 a lokacin tashi, kuma in za a ajiye shi kwanaki a bar shi a 3.8. Cajar waya ko ta kwamfuta ba ta yi masa. Akwai cajarsa ta musamman mai daidaita ɗakunan uku. Batirin da ya kumbura, ko ya lanƙwashe bayan faɗuwa, ko wani abu ya huda shi, an gama da shi. Wutar LiPo tana tashi cikin daƙiƙoƙi, da hayaƙi mai guba. Ka yi caji a cikin tukunyar ƙasa ko a kan siminti, nesa da katifa da danga da rumbu, kuma kana wurin. Kada a sa shi caji a tafi masallaci ko a kwanta barci.

Mutane da yawa kan yi tunanin amfani da batiran 18650 na tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. Waɗannan an yi su ne don ba da wuta kaɗan na dogon lokaci. Injin jirgi yana jan amfiya fiye da 10 a lokacin tashi, sai wutarsu ta faɗi, risiba ta ɗauke, jirgin ya tafi babu mai riƙe da shi.

Tsawon lokacin tashi ma lissafi ne. Ana amfani da kashi 80 cikin 100 na batirin, wato 1,760mAh. In jirgin yana jan amfiya 8 a matsakaici, minti 13 ke nan. Ka saita agogon waya a minti 8 ka sauko da sauran wuta.

Fara tuƙi a waya

Yawancin jiragen farko a cikin daƙiƙa goma na farko suke karyewa, ko da an ƙera su daidai, saboda mai riƙe da rimot bai taɓa tuƙi ba. Abin da ya fi rikita sabon shiga shi ne lokacin da jirgin ya juyo yana fuskantarsa: damansa ta koma hagun matuƙi, sai mutum ya tura sanda inda bai kamata ba.

Maganin wannan yana cikin wayarka. Akwai manhajojin kwaikwayon tuƙin jirgin rimot, irin su PicaSim da ke Android kyauta. Ka yi ta faɗuwa a can har sai ka iya tashi, ka zagayo, ka sauka sau goma a jere ba ka fasa ba. Tun kafin kayanka su iso za ka iya fara wannan. Tashar Flite Test a YouTube kuma tana da zanen jiragen soso kyauta, da bidiyon yadda ake haɗa su daki-daki. Ko Turancinka bai yi ƙarfi ba, ido zai gane. Jirgin farko a bi zanen da aka riga aka gwada. Ƙirƙirar naka ta jira na biyu.

Ranar tashi

Ka cire farfela duk lokacin da kake saiti a gida, domin tana yanka yatsa har ƙashi. A fara kunna rimot kafin a jona batirin jirgi, kuma shi ake kashewa a ƙarshe. Ka saita risiba ta kashe inji da kanta in sigina ya yanke, ka gwada ta hanyar kashe rimot ka ga ko injin ya tsaya. Ka tsaya a bayan jirgin ka tabbatar in ka tura sanda dama, marfin wutsiya dama yake zuwa, in ka jawo ta baya, marfin shimfiɗe sama yake ɗagawa. Sannan ka jefa shi a hankali ba tare da kunna inji ba. In ya sulala ya sauka a 'yan mitoci gaba, ya shirya.

Yanayinmu yana da nasa sharuɗɗan. Da sassafe bayan fitowar rana, ko dab da magariba, iska ta fi kwanciya. A watannin Maris zuwa Mayu, in zafi ya kai digiri 40, iska tana raguwa da kauri da kusan kashi 8 cikin 100 in aka kwatanta da digiri 15, don haka fiffike da farfela duk ƙarfinsu na raguwa, ga batir da inji suna saurin zafi. Da hunturu hazo yana ɓoye farin jirgi tun bai yi nisa ba. Ka sa masa salatif ja ko ruwan lemo, kuma launin sama ya bambanta da na ƙasa don ka san in ya kife. Maganaɗisun inji yana jawo ɓurɓushin ƙarfe daga yashi, sai a riƙa hure shi bayan kowace sauka. Da damina, in hadari ya haɗo, a naɗe kaya, iskar gabansa ta fi ƙarfin jirgin soso.

Gonar da aka girbe tana da faɗi, amma kututturen kara yana yaga soso. Filin ƙwallo na bayan gari ko busasshiyar fadama sun fi. Kullum a jefa jirgi yana fuskantar iska, a kuma sauke shi yana fuskantarta. Yara za su taru ko ba ka gayyace su ba, don haka ka zo da abokin da aikinsa kawai ya tsayar da su a bayanka. A nisanci wayoyin lantarki, da garken shanu, da babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa Birnin Kudu.

Doka da mutunci

Wannan ɓangare ya fi duk na baya muhimmanci, domin karyewar jirgi asarar kuɗi ce, wannan kuwa zai iya kai mutum ofishin 'yan sanda. Tun a watan Mayun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, wato NCAA, ta sanar cewa ba a yarda a tashi jirgi marar matuƙi a sararin samaniyar ƙasar nan ba sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. A farkon 2025 kuma rundunar soji ta haramta tashin irin waɗannan jirage a yankin Arewa maso Gabas, saboda 'yan ta'adda sun fara amfani da su. Jigawa tana iyaka da Yobe. Jami'in tsaron da ya ga baƙon abu yana shawagi ba zai fara da tunanin wasa ba ne, kuma yana da hujja.

Don haka ka shiga shafin NCAA ka karanta ƙa'idojin da ke aiki a yanzu kafin ka kashe kuɗinka. Ka je da babba ka gabatar da kanka ga mai unguwa ko dagaci da ofishin 'yan sandan yankinku, ka nuna musu jirgin a hannu, ka faɗa musu fili da lokaci. Kada ka kusanci filin jirgin saman Dutse, ko barikin jami'an tsaro, ko gidan gyaran hali, ko taron jama'a. A Turai iyakar tsayin da aka yarda shi ne mita 120, a Amurka ƙafa 400, kuma dole jirgin ya kasance inda idon matuƙi ke ganinsa. Mai koyo ko rabin wannan bai kamata ya kai ba.

Sai maganar kyamara. Gidajenmu tsakar gidansu a buɗe take, iyaye mata da 'yan'uwa mata suna harkokinsu a ciki. Jirgi mai kyamara da ya bi ta saman unguwa leƙen gidan mutane ne, ko da mai shi bai yi niyya ba. Rigima ɗaya irin wannan ta isa a hana kowa wannan wasa a gari. A bar kyamara sai hannu ya ƙware, kuma a tsaya a bayan gari.

Ga masu sha'awar rubuta manhaja

Mu da muka koyi rubuta manhaja da kanmu, nan ne wasan ke ƙara daɗi. Umarnin da risiba ke aika wa sarbo abu ne mai sauƙi: bugun wuta sau 50 a daƙiƙa, tsawon kowane bugu tsakanin kashi 1,000 zuwa 2,000 cikin miliyan na daƙiƙa. In ya zama 1,500, hannun sarbo yana tsakiya. Da allon Arduino Nano da 'yan layuka kaɗan za ka iya juya sarbo yadda kake so. In ka ƙara masa MPU6050, na'urar da ke auna karkata irin wadda ke juya hoton wayarka in ka kwantar da ita, ka fara hanyar rubuta manhajar da ke miƙar da jirgi da kanta. Wasu ma suna haɗa rimot ɗinsu da Arduino da nRF24L01. Aiki ne mai koyarwa, amma a fara gwada shi a motar ƙasa, inda yankewar sigina ba ta faɗo da komai a kan kowa.

Ta irin wannan hanya Jordi Muñoz, wani matashi ɗan ƙasar Meziko da bai gama jami'a ba, ya haɗa Arduino da na'urar auna motsi ta rimot ɗin wasan Nintendo Wii don daidaita ƙaramin jirginsa mai saukar ungulu. A 2009 shi da Chris Anderson suka kafa kamfanin 3D Robotics. Manhajar ArduPilot da ta fito daga wannan tafiya har yau kyauta ce, kowa na iya karanta lambobinta, kuma tana tuƙa jirage a faɗin duniya.

Ina hanyar ta nufa?

Jirgin soso ba zai kai magani asibiti ba, amma dokokin da ke riƙe shi a sama su ne ke riƙe manyan. Kamfanin Zipline, wanda ya fara kai jini asibitocin Ruwanda a 2016, ya fara aiki a Jihar Kaduna a 2022, kuma da jirage masu fiffike masu aiki da batir yake kai magunguna ƙauyuka, ya sako su da 'yar lema. Rundunar Sojin Saman Nijeriya ta ƙaddamar da nata jirage marasa matuƙa a Kaduna, Gulma a 2013 da Tsaigumi a watan Fabrairun 2018. Ga Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama a Kaduna, ga Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa tun 1964. Auna gonaki da duba ɓarnar ambaliya, wadda Jigawa ta sha fama da ita, duk ayyuka ne da ake yi da irin waɗannan jirage, kuma suna buƙatar mai tuƙi da mai gyara da mai sarrafa hotunan. Matashin da ya zo da littafin da ya rubuta nauyin jirginsa, da abin da ya canza bayan kowace faɗuwa, da bidiyon tashi da sauka ba yankewa, ya zo da abin da injiniya zai tsaya ya duba.

Ba sai kayan waje sun iso za a fara ba. A wannan makon ka nemi soson kwali, ka yanka fiffike mai tsawon santimita 40 da faɗin 8, ka yi masa jiki da wutsiya bisa lissafin da ke sama. Ka liƙa ƙusa ko ƙaramin noti a hancinsa har ya daidaita a kan yatsunka a santimita 2 da rabi daga gaba, ka jefa. Sannan ka matsar da nauyin baya ka sake jefawa, ka ga abin da zai faru. Ka rubuta. In ya sulala mita goma a miƙe, to lokacin fara tara kuɗin inji ya yi. Allah ya ba da sa'a.